An ce ƙashin muƙamuƙina ya zaizaye, sai an yanko wani kafin a dasa mini haƙori

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce daga Tawa, shekaruna 57, ina ƴar sana'ar sayar da tufafi a gida. Haƙorana na ƙasa sun yi ta girgiɗi suna zuba ɗaya bayan ɗaya, yau shekara 6 ke nan da aka cire na ƙarshe aka yi mini na roba. A sama kuma, gefen dama, uku na ciki babu su. Na robar nan yanzu yawo yake a baki, in na tauna abu ya ɗaga, in na yi dariya sai na sa hannu na tare. Na daina cin abinci a gidan biki da suna, sai in ce na ƙoshi. Ko a makarantar Islamiyya na koma sahun baya don kada a ce in yi karatu.

Da na je Yamai wajen ɗiyata, ta kai ni wurin wani likitan haƙora. Ya duba hoton radiyo ya ce ƙashin ya zaizaye, in ina son dashe sai an yanko ƙashi daga haɓa ko ƙugu an liƙa, a jira watanni, sannan a dasa. Tun daga ranar tsoro ya kama ni. Ɗana da ke Abijan ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wai akwai inda ake sa wa mutum haƙora a yini ɗaya ba yanka, ya ce zai biya in tafi. Maigidana kuwa cewa ya yi a shekaruna in haƙura, kada in je in jawo wa kaina wata cuta, kuma yana shakkar ko hakan canza halittar Allah ne. Ina da ciwon suga, ina shan magani, kuma ina cin goro. Likita, wa zan bi a cikinsu?

Hajiya, daga Tawa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa ƴaƴanki da alheri. Mace ta zauna a gidan suna da yunwa tana cewa ta ƙoshi, ta bar sahun gaba a makaranta don kunyar bakinta, wannan ya isa dalilin neman magani, kuma shekara 57 ba su hana kowa dashen haƙori ba. Ana yi wa waɗanda suka haura 70 in jikinsu ya yarda. Amsata a taƙaice ita ce, mai irin bakinki sau da yawa ba ta bukatar a yanko mata ƙashi daga ko'ina, domin yau ana iya zaɓen ƙusar dashe, wato ƙarfen da ake kafawa a madadin saiwar haƙori, daidai da ƙashin da ya rage. Sai dai babu wanda zai tabbatar miki da haka, ni ma a ciki, kafin a auna ƙashin nan da milimita.

Ƙashin da ke riƙe haƙora yana rayuwa ne da aikin tauna. Da zarar an cire haƙori, jiki yakan fara janye shi. A shekarar farko kaɗai faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi, mafi yawan raguwar kuma a wata ukun farko take faruwa, daga nan ta ci gaba a hankali har ƙarshen rayuwa. Ke kuma akwai abin da ya ƙara miki: haƙoranki na sama na asali ne masu ƙarfi, kullum suna danna na roba a kan dasashin ƙasa, wannan dannar tana gaggauta zaizayar. Shi ya sa abin da ya zauna daram shekara 6 da suka wuce yau yake yawo. Robar tana nan yadda aka ƙera ta, tudun da take zaune a kai ne ya sauka.

Abu na farko da za ki tambaya shi ne wane irin hoto likitan ya duba. Hoton radiyo na baki gaba ɗaya, wanda ake kira fanoramik, yana nuna tsawon ƙashi ne kawai, kuma yakan ƙara girman abin da ya ɗauka. Kauri ba ya nuna shi sam. Wanda ake yanke hukunci da shi shi ne hoton sikana na muƙamuƙi, CBCT, da ke nuna tsawo da faɗi da kauri, ya nuna hanyar jijiya da gindin kogon hanci, wato kogon iskar da ke cikin ƙashin kunci. In asibitin ba shi da na'urar, sikana ta babban asibiti ma tana iya ɗaukar muƙamuƙi in likita ya rubuta abin da yake so. Ki nemi a rubuta miki lambobi a takarda: milimita nawa ne tsawo da kaurin ƙashin gaban muƙamuƙin ƙasa, kuma milimita nawa suka rage tsakanin dasashin sama na dama da kogon da ke bisansa. Gani ya kori ji. Da waɗannan lambobi a hannunki, duk likitan da kika je wurinsa za ku yi magana a kan abu ɗaya.

Dashen kansa ƙusa ce mai zare irin na noti, da ƙarfen titaniyom, ana murɗa ta cikin ƙashi ta tsaya a madadin saiwar haƙori. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano a 1952 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe har ba su rabuwa, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko. Ƙusar da aka saba tana da kauri wajen milimita 4, tsawo 10 zuwa 13. Tana son ƙashi ya kewaye ta da aƙalla milimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe, wato tudu mai kaurin milimita 6 ko fiye, kuma a bar tazarar milimita 2 tsakaninta da babbar jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa. Idan likita ya ce "ƙashi bai isa ba", galibi nufinsa bai isa wa wannan ƙusa ba. Akwai gajeru masu milimita 6, akwai sirara masu kaurin 3 zuwa 3.5, akwai ƙanana ƙwarai da ba su kai 3 ba, kuma kowace da wurin da ta dace.

Mu fara da ƙasa, tunda can ne wahalarki take. Ko muƙamuƙi ya zaizaye ƙwarai, gabansa, wato wajen haɓa, yakan rage da ƙashi mai tauri. Babbar jijiyar kuma ba ta kaiwa can, tana fitowa ne ta wata ƴar ƙofa a kowane gefe, daidai inda ƙananan turame suke a da. Tsakanin ƙofofin nan biyu ake dasa ƙusa biyu, wajen mazaunin fiƙa. Bayan sun kama, a ɗaura wa kowace ɗan kai, a saka abokin haɗinsa a cikin haƙorin roba, ya zama maɓalli. Ki danna ya kama, ki yi yini kina tauna kina magana bai motsa ba, da dare ki ɓalle ki wanke. A 2002 masana suka taru a jami'ar McGill ta Kanada suka yi matsaya cewa wannan shi ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa. A ganina, ga mai ciwon suga da ke zaune nesa da likitanta, babu aikin da ya kai wannan amfani da ƙarancin yanka. Allurar kashe wuri ake yi, ba a sa ki barci, aikin wajen awa ɗaya ne, ki koma gida da ƙafarki.

Idan sikana ta nuna tudun ya yi tsini, sama siriri ƙasa da faɗi, likita yakan goge milimita kaɗan daga saman har ya iske faɗin da yake so. Wannan ɗan gyara ne da ake yi a zama ɗaya da dashen. In kuma siririn ya tafi har ƙasa, sai a koma ga sirarar ƙusa, ko a sa ƙanana huɗu maimakon biyu don su raba nauyi. Ƙananan suna da sauƙin sawa da sauƙin kuɗi, amma sun fi saurin karyewa da faɗuwa, musamman inda haƙoran asali ke danna su daga sama kamar naki. Don haka in ƙashin zai ɗauki mai kaurin milimita 3.3, ita na fi so miki.

Ga abin da ke iya ɓaci a wannan wuri, kuma gara ki ji shi tun yanzu. Jijiyar nan wani lokaci takan ɗan zarce gaba kafin ta juyo ta fita, shi ya sa ake barin wajen milimita 5 tsakanin ƙusa da ƙofar. In aka taɓa ta, leɓen ƙasa da haɓa sukan mutu, wani lokaci na makonni, wani lokaci har abada. Ta ɓangaren harshe kuma ƙashin yakan lotsa ciki, in abin huda ya ɓula ta can yana iya tsinka jijiyar jini a ƙarƙashin harshe. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma yana da haɗari. Duka biyun sikana tana nuna su tun kafin a taɓa ki, wannan ne dalilin da na nace a kanta.

Sama labarinsa daban ne. Ƙashin ƙasa kamar fako yake, turke in ya shiga ya kafu, na saman ciki kuwa ya fi kama da ƙasa mai rairayi. Ga shi kuma a bisansa akwai kogon iska a cikin ƙashin kunci, gefen hanci, wanda yakan ƙara saukowa bayan an cire turame. Abin da za a yi ya dogara ga kaurin da ya rage a ƙarƙashin kogon. In akwai milimita 7 ko 8, gajerar ƙusa ta 6 za ta shiga ba tare da an taɓa kogon ba. Ƙusa biyu za su ɗauki haƙora uku a haɗe, haɗin nan kuma yana da muhimmanci, domin gajerun ƙusoshi sun fi daɗewa in an ɗaure su da juna. Binciken da aka bi na shekara 5 ya nuna gajerun suna tsayawa kusan daidai da dogayen da aka yi wa ƙarin ƙashi, kuma da ƙarancin kumburi da wahala. Ke ma kina da wata sa'a a nan: abin da zai tauna a kansu daga ƙasa roba ne, ƙarfinsa bai kai na haƙorin asali ba.

In kuwa milimita 5 ko 6 suka rage, akwai dabarar da likita Robert Summers ya bayyana a 1994. Ta ramin da aka huda don ƙusar ake bi, a tsaya kafin a kai kogon da kamar milimita 1, sannan a tura gindinsa sama a hankali tare da tantanin da ke lulluɓe da shi. Ana samun ƙarin milimita 2 zuwa 4, a sa ƙusar a ranar. Ba a buɗe gefen kunci. Matsalarta ita ce likita ba ya ganin tantanin, da hannu yake ji, kuma yana iya yagewa. In ana bugawa da ɗan guduma za ki ji sautin a kanki, wasu ma sukan yi jiri na kwanaki, shi ya sa likitoci da yawa suka koma ga kayan da ke turawa ba bugu. Ba a yin wannan aiki ga mai mura ko ciwon kogon hanci, don haka in lokacin hunturu yakan toshe miki hanci, ki faɗa a zaɓi wani wata. Idan abin da ya rage bai kai milimita 4 ba, sai dai a buɗe taga ta gefe a ɗaga tantanin a zuba garin ƙashi, a jira wata 6 zuwa 9.

Kafin ki yarda da wannan na ƙarshe, ki tambayi kanki ko kina bukatarsa. Mutum yana iya tauna yadda ya kamata ba tare da turaman ƙarshe ba, muddin na gaba da ƙananan turame suna nan suna haɗuwa. Gefen hagunki na sama cikakke ne. Da zarar na ƙasa ya daina yawo, mai yiwuwa ki ga giɓin dama bai dame ki ba, ko a cike shi da ɗan haƙorin cirewa mai maƙale da na kusa. Shawarata ki yi ƙasa tukuna, ki zauna da shi wata 6, sannan ki yanke hukuncin sama.

Bidiyon da ɗanki ya turo akwai gaskiya a cikinsa, amma ba duka aka faɗa ba. Tsarin da aka fi sani shi ne na ƙusa huɗu, wanda likita Paulo Maló na Fotugal ya yaɗa: biyu a tsaye a gaba, biyu na baya a karkace har zuwa digiri 45 don su kauce wa jijiya ko kogo, a ɗaura jerin haƙora a kansu a ranar. Dabara ce mai kyau, tana kauce wa ƙarin ƙashi. Amma haƙoran ranar farko na wucin gadi ne, na dindindin sai bayan wata 3 zuwa 6, a tsakani kuma abinci mai laushi kawai. Ba a ɗora su a ranar sai in kowace ƙusa ta kafu da ƙarfin da na'ura ta auna, wajen 35 a ma'aunin murɗi, kuma ba a sanin hakan sai ana cikin aikin. Sau da yawa ana rage ƙashi da yawa don a sami wurin haƙoran, wato yankan ya fi na maɓalli biyu. Tunda kuma ba sa cirewa, wanke ƙarƙashinsu aiki ne na kowace rana da ƙaramin buroshi da zare. Kuɗinsa ya ninka na maɓalli sau da yawa.

Batun "ba yanka" kuma, ana nufin a ɓula dasashi da ɗan rami maimakon a buɗe shi, a bi wani farantin jagora da aka tsara a kwamfuta daga hoton sikana. Zafi da kumburi suna raguwa sosai. Sai dai ko da jagorar, ƙusa takan kauce da wajen milimita 1 daga inda aka tsara. A ƙashi mai faɗi wannan ba komai ba ne, a siririn tudu kuwa milimita 1 shi ke raba ƙusar da ke cikin ƙashi da wadda ta leƙo waje. Ɓulawar tana kuma cire wani yanki na dasashi mai tauri, wanda mai zaizayayyen muƙamuƙi ba ta da shi da yawa, alhali shi ke kare wuyan ƙusa. In likitanki ya ce zai yi ɗan yanka na santimita kaɗan don ya ga ƙashin da idonsa, kada ki ɗauka ya koma baya ne. Ga irin bakinki hakan ya fi aminci.

Yanzu ciwon suga, wanda ya fi ƙarancin ƙashin damuna. Haƙoran da suka yi ta girgiɗi suna zuba alama ce ta ciwon dasashi, shi da suga kuma suna ƙara wa juna. Ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙoranki na ƙasa suna iya zama a kewayen na sama, kuma za su kama ƙusa kamar yadda suka kama haƙori. Don haka kafin a huda komai, a duba na sama ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsatsar da ke ƙarƙashin dasashi, a jira har jini ya daina fita in an goge. Ki yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata uku. In yana wajen kashi 7 cikin 100 ko ƙasa, warkewarki kusan daidai take da ta wanda ba shi da ciwon. In ya haura 8, a dakata a gyara tare da likitan suga. Ki kai duk magungunanki a leda likita ya gani, musamman na ƙarfafa ƙashi irin su alendronate ko allurar zoledronate, waɗanda ke iya hana ramin ƙashi warkewa, da na tsinka jini irin su aspirin, wanda ba za ki daina da kanki ba sai likita ya ce. Shan taba yana ninka haɗarin faɗuwar dashe wajen sau biyu. Goro bai kai nan ba, illarsa tauri ne, sai ki ajiye shi har ƙusoshin su kama.

Ranar aikin ki karya kumallo ki sha maganin suganki yadda kika saba. Likita zai fara da siririn abin huda na milimita 2, yana ƙara girma mataki mataki, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi a kai, domin ƙashin da ya yi zafin digiri 47 na minti ɗaya yakan mutu, ƙusa kuma ba ta kama mataccen ƙashi. Kumburi yakan fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, ki riƙa ɗora ƙanƙara a tsumma ta waje a ranar farko. Kada ki kurkure baki da ƙarfi a wannan rana, ko a alwala ki sa ruwan ki bar shi ya zubo. Daga washegari sai ruwan wanke baki na chlorhexidine sau biyu a rana. Ki ci kunu da ya huce ba suga, ƙwai, nono, tuwo mai laushi da miyar kuka. Kilishi, busasshen cuku da aya su jira. Ana cire zare bayan kwana 7 zuwa 10, haƙorin roba kuma ba za ki sa shi ba mako ɗaya zuwa biyu, sannan a rarake cikinsa a shimfiɗa abu mai laushi don kada ya danna ƙusoshin. Motsi a makonnin farko shi ne babban abin da ke hana su kamawa. Ƙasa yana son wata 2 zuwa 3, sama 4 zuwa 6. In an taɓa kogon hanci, mako biyu ba fyace majina, atishawa da baki a buɗe, shaƙar ruwan alwala a hankali ƙwarai. Kada a sa aikin cikin azumi, saboda magunguna da suga.

In kin wayi gari leɓenki bai dawo da ji ba, ki kira likita a ranar, domin sassauta ƙusar da wuri shi ke ceton jijiya. In ƙarƙashin harshe ya fara kumbura yana tura harshen sama, ki tafi asibiti nan take ko tsakar dare ne. Zazzaɓi, mugunya, ko zafin da ke ƙaruwa bayan rana ta huɗu su ma ba a jira da su.

Likitan da kika fara gani bai yi miki ƙarya ba. Ƙarin ƙashi aiki ne sananne, akwai bakin da ba makawa sai shi, kuma wataƙila haƙora masu zama dindindin har ciki yake tsara miki, waɗanda ke bukatar ƙashi a inda babu. Ki koma da sikana ki tambaye shi kai tsaye ko maɓalli biyu zai yiwu, in ya ce a'a ya nuna miki dalili a hoton, sannan ki ji ra'ayin wani likita na biyu. In har sai an ƙara, ƙugu na manyan ayyuka ne, ƙaramin giɓi garin ƙashi yake isar sa. Ki tambayi asalin kayan: garin yakan zama na saniya, na ɗan Adam, ko na haɗin masana'anta, tantanin da ake rufe shi da shi kuma sau da yawa daga alade ake samo shi. Akwai madadinsa, kina da hakkin ki zaɓa tun kafin ranar.

Maigidanki kuwa, ina jin tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron a kai masa mata mai ciwon suga a yanke ta a wata ƙasa. Wannan tsoro yana da tushe, kuma hanyar da na kawo miki ta fi kusa da hankalinsa fiye da yadda yake zato. Ki zauna da shi a natse ki gaya masa abin da kika gaya mini, na gidan suna da na makaranta, domin mai yiwuwa bai taɓa sanin ya kai haka ba. Ki nuna masa kuma cewa wanda ba ya iya tauna nama da ganye yakan koma ga kunu da fura da burodi, abin da ke ɗaga suga. Kan halitta, malamai suna bambanta canza abin da ke lafiya da mayar da abin da ya ɓata, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Ku je tare wurin malamin da Alhaji ya yarda da shi ya ji da kunnensa, in ya samu hali kuma ya raka ki ranar duba sikana.

Ɗanki ki gode masa, ki roƙe shi ya riƙe kuɗin jirgi ya sa su a inda za su daɗe. Dashe ba a gama shi a tafiya ɗaya. Ƴan robobin da ke cikin maɓallin sukan saki, ana sauya su kamar sau ɗaya a shekara. Haƙorin kansa zai bukaci a cike cikinsa lokaci zuwa lokaci, tunda ƙashin baya yana ci gaba da sauka. Wajen kashi 95 cikin 100 na ƙusoshi suna kaiwa shekara 10, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan sami ciwon da ke cin ƙashin kewayensu, wanda ba ya zafi da farko, likita ne ke gano shi a dubawar wata shida shida. Duk wannan yana son likitan da za ki iya kaiwa gare shi. Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga ɗiyarki a can, kina iya zama wurinta kwana goma bayan aikin har a cire zare. In an rasa mai yin abin da bakinki ke so a Yamai har sai an fita, to a fara samun likitan gida da ya yarda zai ci gaba da dubawa.

Duk inda za a yi, ki tabbatar cikakken likitan haƙora ne mai rajista, ki tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aiki, kuma me zai yi in ƙusa ta ƙi kamawa, wa zai biya na biyu. A rubuta kuɗin komai tun farko: sikana, ƙusoshi, kawunansu, sabon haƙori ko gyaran tsohon. Bayan aikin ki karɓi takarda mai sunan kamfanin ƙusar da kaurinta da tsawonta, ki adana ta, domin kayan wani kamfani ba sa shiga na wani, kuma likitan da zai gyara miki bayan shekara 10 da ita zai san abin da ke bakinki.

Idan suga ya ƙi sauka ko kuɗi bai samu yanzu ba, kada ki ci gaba da fama da robar shekara 6. A cike cikinta ta dace da dasashin yau, ko a yi sabuwa mai kyakkyawan awo, ki haɗa da man liƙa haƙori da ake sayarwa a famasi. Ba zai kai maɓalli ba, amma zai rage yawon, kuma sabuwar in an yi ta da kyau ita za a sa wa maɓallan daga baya. Wannan makon ki fara da gwajin HbA1c a nan Tawa, ki sa ɗiyarki ta nemo miki ranar sikana da ta wankin haƙoran sama a tafiya ɗaya. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace da hannu mai albarka.